Shekarar da Muka Yashe Kwata Daga Tudu

Har yau, in hadari ya haɗo daga gabas, ƙafata kan tsaya da kanta a kan keken ɗinki. Ba na ma sanin ta tsaya sai mai kaya ya ce, "Tela, lafiya?" Sai in ce lafiya lau, zare nake dubawa. Ba zare ba ne. Tsoro ne, kuma na san ranar da ya shige ni.

A unguwarmu ta Wunti akwai wata babbar kwata. Ta taso daga bakin titi, daidai layin shagunanmu, ta gangara ta bayan gidaje tana karɓar ruwan kowane lungu, har ta isa kwari, inda take shigewa ƙarƙashin wata tsohuwar kwalbati ta fice daga unguwar. Gida na ƙarshe kafin kwalbatin na Inna ne. Ba ita ta haife ni ba, mahaifiyar abokina ce, amma na ci tuwonta fiye da yadda na ci na gidanmu, na kuma sha dukanta daidai da ɗan cikinta. Da ɗan nata ya zama malamin makaranta ya sake gina gidan da bulo, sai ɗaki ɗaya na ƙasa da ta hana a taɓa, don mijinta ne ya gina shi da hannunsa. A cikinsa take zaune. Bayan ɗakin na kallon kwata, tsakaninsu bai fi taku uku ba. A shekarar da nake ba da labari gwiwoyinta sun riga sun ƙi, daga gado zuwa bakin ƙofa sai ta huta sau biyu.

Tun muna yara iyayenmu ke yashe kwatar nan duk ƙarshen bazara, kafin ruwan farko. Ba su da ƙungiya, ba su da shugaba. Wata Asabar kawai za ka ga dattawa sun naɗe wando sun nufi kwari da shebur. Daga can suke farawa, daga bakin kwalbati, su yi ta hawowa har titi. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka don Inna na dama musu kunu ne a can.

Da dattawan suka gaza, wasu suka rasu, kwata ta cika da leda da yashi, sai ni da abokin nan nawa muka tara matasa muka kafa ƙungiyar tsabtace unguwa. Aka ba ni shugaba, aka ba shi sakatare, kuma har yau Sakatare ake ce masa. 'Yan kasuwa suka haɗa mana kayan aiki, shebur da manjagara da baro da takalman roba, aka ajiye su a ƙuryar shagona don ni ke da wuri. Shekara biyu muna aiki lafiya. Daga kwari muke farawa, yadda muka ga ana yi.

Abin da ya raba mu, in na faɗa sai a yi mini dariya. Wani ɗan jarida daga gidan rediyo ya zo ranar aiki ya miƙo mana na'urarsa. Ni da na yi kwana biyu ina shirya jawabi a kaina, da na'urar ta iso bakina sai na yi ta maimaita "ka gane ko". Shi kuwa malamin makaranta, magana ta yi ta zubo masa. Da aka sa shirin, muryarsa kaɗai aka sa, ni ko tarina ba a ji ba. Mutane suka dinga tsayawa a ƙofar shagona suna cewa, "Mun ji mutuminka a rediyo, wallahi ya iya." Nakan washe baki in ce ai ni na tura shi. A ciki kuwa kamar na haɗiyi allura.

Daga nan na soma yi masa 'yar ƙaramar mugunta irin ta wanda ba ya so a gane shi. In kira taro a lokacin da na san yana aji. In ce a sake karanta bayanin da ya rubuta wai akwai gyara. Shi ma ba waliyyi ba ne, ya iya kallon mutum ta saman tabarau ya gyara masa Turanci a gaban jama'a. Kafin bazara ta zagayo ƙungiya ta rabe biyu. Matasan kwari suka bi shi, na tudu suka tsaya tare da ni. Kayan aiki kuwa suna nan a ƙuryar shagona, makulli a aljihuna.

Shekarar nan na ce sai an san da ni. Na gaya wa mutanena cewa daga titi za mu fara, inda motoci ke wucewa, inda ɗan jarida ba sai ya taka ƙazanta ba kafin ya same mu. Wa zai ga mutum a kwari? Na sayi tamfol mai kauri na kai aka rubuta sunan ƙungiyarmu, a ƙasa kuma aka rangaɗa sunana da manyan baƙaƙe. Na kalmashe bakinsa da kaina, ɗinki biyu na yi masa don kada iska ta yaga shi. Ban taɓa yi wa rigar kowa aiki mai kyau irin wannan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana gobe aikinmu, Sakatare ya zo shagona. Wata uku rabon da ya tako wurin. Bai zauna ba.

"Shugaba," in ji shi. Da can sunana yake kira.

"Malam Sakatare. Yau kai ne a shagon namu?"

"Inna ce ta aiko ni. Ta ce in gaya maka ku faro daga ƙasa. In ba za ku faro daga ƙasa ba, ka ba mu rabin kayan aiki mu buɗe bakin kwalbati gobe, ku kuna sama."

Na ci gaba da taka keke. A raina na ce, ji makirci, ya rasa da me zai zo sai da sunan tsohuwa. So yake gobe in ɗan jarida ya zo a ce aikin na ƙungiya biyu ne, ya sake karɓe na'ura.

"Ka gaishe ta," na ce. "Kaya kuma sai mun gama namu."

"Kwata ce fa. Ba ta san namu da naku ba."

"Na ce sai mun gama."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya juya ya fita. Daga baya na ji su ma nasu girman kan ya motsa, suka ce ba za su fito da shebur ɗin aro ba a ranar da muke ta bidiri, sai Asabar ta sama.

Asabar muka yi aiki na gani na faɗa. Muka ɗaure tamfol tsakanin turakun wuta biyu, daidai bakin kwata, muka kunna lasifika. Muka kwashe ƙazantar shekara guda daga titi har tsakiyar unguwa, inda yankinmu ya ƙare, muka tsibe ta a gefen kwata tana jiran motar da za ta zo Litinin. Ɗan jarida ya zo, wannan karon kuma ban ce "ka gane ko" ba ko sau ɗaya. Ya ce za a sa shirin gobe Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma. Nan take na yanke a raina, in an sa, kowa ya ji, sai in aika musu da kayan aiki har da gaisuwa.

Maƙwabcin shagona wani Ibo ne mai sayar da injin ban ruwa da bututu. Ya girme ni, ya daɗe a Bauchi, muna ce masa Oga. Baro biyu daga cikin namu ma shi ya ba mu. Da yamma ina kulle kaya ya yafito ni.

"Ciyaman, zo. Ka yi aiki mai kyau, amma ka fara shi daga ƙarshe."

Ya ɗauko guntun bututu, ya toshe ƙasansa da tafin hannu, ya ce in zuba ruwa daga butata. Na zuba. Kafin in ɗaga butar ruwa ya cika ya malalo masa a hannu.

"Ka gani? Da, datti yana ko'ina. Ruwa ya zo, ya tsaya nan kaɗan, ya fita titi kaɗan, ya shiga lungu kaɗan. Kowa ya sha nasa kaɗan kaɗan. Yanzu ka share masa hanya. Duka zai tafi wuri ɗaya, da gudu, kuma ƙofa a rufe. Wannan tsohuwa, shi yana can ƙasa, ko?"

A lokacin na gane abin da ke kai iyayenmu kwari, kuma ba kunu ba ne. Amma da yake bakina ya fi hankalina sauri, sai na ce ai ruwa bai kusa ba.

Oga yakan je ƙasar Sin saro kaya. Ya zauna a kan buhun bututu ya ba ni labarin wani tsoho, mahaifin mutumin da yake sayen kaya a wurinsa, wanda kan zaunar da shi a bayan masana'anta su sha shayi marar sukari, ɗan yana fassara musu. Ya ce mutanen nan suna da wani tsohon tunani da suke kira Tao, kuma ba daga sarakuna ko jarumai suka ɗauko darasinsa ba, daga ruwa suka ɗauko. Ruwa ba ya neman a gan shi. Wurin da kowa ke toshe hanci ya wuce, can yake nufa, can kuma ƙarfinsa ke taruwa, don haka mai son ya yi aiki da shi sai ya sauka ya same shi a can. Ya ce tsohon ya taɓa ɗaga bututu ya leƙo shi ta ciki, ya tambaye shi me yake sayarwa. Oga ya ce roba. Tsohon ya ce a'a, ramin ciki mutane ke zuwa nema, robar rakiya ta yi. Haka mutum, in ya cika cikinsa da kansa, komai kyawunsa daga waje ba abin da zai bi ta cikinsa ya wuce.

"Oga," na ce, "ni Musulmi ne. Ban rasa malamai ba da zan ɗauki wa'azi wurin masu cin shinkafa da tsinke."

Ya yi dariya. "Ni ma gobe coci zan je. Ba addini na kawo maka ba, Ciyaman. Bututu nake sayarwa."

Kafin magariba na zaga ta bayan gidaje, wai ina duba aikinmu. Na isa inda namu ya ƙare. Kwata fes daga bayana, daga gabana kuma a cike take dam, har ciyawa ta tsiro a kai. Daga nan ana hango bayan ɗakin Inna. Akwai wani baƙin layi a jikin bangon, inda ruwan shekarun baya ya tsaya, ya kai kamar gwiwar mutum. Wannan a shekarun da ruwa ke rarrabuwa a hanya ke nan. Na tsaya ina lissafin inda layin bana zai kai. Taku kaɗan ne tsakanina da ƙofar gidan. Na juya na hau tudu.

Lahadi gari ya waye da wani zafi mai danƙo, ko ganye ba ya motsi. Na buɗe shago ban san me nake yi ba. Na ɗinka hannun riga a juye, na farke, na sake ɗinka shi a juye. Kowane minti kaɗan sai na fita na dubi gabas, in dawo in taɓa makullin a aljihuna. Tsoro nake ji, amma tare da shi akwai wata murya mai natsuwa tana ce mini ƙarfe huɗu ai kamar yanzu ne. Wata biyu ana jiran ruwa bai zo ba, sai yau? In na kai kayan yanzu, mutanena za su ce na karaya. In na kai bayan shirin, za a ce dattako na yi.

Wajen sha biyu wani manomi daga Miri ya zo a babur karɓar ɗinkinsa. Ya share gumi, ya dubi sama yana murna. "Tela, zafin nan ba na banza ba ne. In sha Allahu gobe war haka muna shuka." Na ce Allah ya sa. A sallar azahar liman ya roƙa mana damina mai albarka, masallaci ya amsa da amin. Ni kaɗai ne a sahu nake roƙon Allah a asirce kada a yi ruwa, ko da na yini ɗaya ne.

Muna idar da la'asar hadari ya taso. Ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ya rufe duwatsun bayan gari, haske ya koma wani iri kamar an rage fitila. Ga abin da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Na ga hadarin. Na san me ke kwari, na san wace ce a ɗakin nan, na san ba ta iya gudu. Makulli na hannuna. Sai na duba agogo. Huɗu saura kwata. Na tsaya a ƙofar shago ina ce wa kaina minti goma sha biyar ne kawai.

Iska ce ta yanke mini shawara. Ta zo da ƙarfi ta kwashi rumfunan masu kayan miya, ta kama tamfol ɗina ta yi ta kaɗa shi har igiya ɗaya ta tsinke, ta biyu ta bi ta. Ya yi sama, ya juya, ya faɗa cikin kwata. Ɗigon farko ya sauka a kan kwanon shago kamar an jefa tsakuwa. Na buɗe ƙurya, sau uku makullin na kuɓuce mini. Na yi ta ihu ina roƙon 'yan acaɓa da suka fake a barandarmu su ɗauki shebur don Allah. Sai ga Oga da kayan cocinsa, farar riga da takalmi mai sheƙi, riƙe da wani dogon rodi. Ashe shi ma ya kasa zama a gida. Ya ɗauki manjagara biyu ya yi gaba.

Muka bi gefen kwata a guje. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ban taɓa sanin ruwa na da irin wannan gudun ba. Ina gudu iyakar ƙarfina, sai na ga ya zo daga bayana ya wuce ni, baƙi, yana kumfa, yana ta kwasar tsibin ƙazantar da muka tara a gefe yana mayarwa ciki. Hanyar da muka share masa jiya da lasifika, ita yake bi, ba abin da ke tare shi. A wani lungu na wuce tagar wani gida, rediyo na kunne. Muryata ce. Na ji kaina ina cewa, cikin natsuwa da iya magana, bana da yardar Allah ruwa ba zai shiga gidan kowa ba a unguwar nan. Shekara guda ina jiran in ji muryar nan, ga ta, kuma da zan iya da na shaƙe mai ita.

Kwari ya zama tafki. Bakin kwalbati ya nutse, ba a ma ganinsa. Sakatare da mutanensa suna cikin ruwa har ƙirji, suna yaƙutar datti da hannu da shebur biyu na aro. Tabaransa sun faɗi. Ya hango ni ya ƙwala ihu, sunana na gaskiya ya kira.

"Inna na ciki! Ta ƙi fita! Na yi, na yi, ta ƙi!"

Na jefar da shebur na faɗa gidan. Ruwa ya riga ya haye dokin ƙofarta, a cikin ɗakin ya kai ƙwauri. Da duhu, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tana zaune a tsakiyar gado, ta yafa mayafi, ƙunshin kaya ɗaure tsaf a cinyarta. Bangon baya yana tsattsafo da ruwa, ƙasa na ɓantarowa tana faɗawa ciki a hankali, ɗis, ɗis. Wannan ƙarar ta fi tsawa ba ni tsoro. Na tabbata a raina nan za mu mutu ni da ita, kuma ni na jawo.

"Ka zo," kawai ta ce.

"Inna, hau bayana. Don Allah hau."

Ba ta yi gardama ba. Ta miƙo hannu ta riƙe wuyana. "Yi a hankali, gwiwa." Ba ta da nauyi ko kaɗan, matar da a da take ɗaga ni da hannu ɗaya ta tsoma a baho. Ina ta salati na fito da ita na haye da ita ɗakin bulo mai tudu, na ajiye ta a kujera wajen matar Sakatare. Na koma kwata.

Oga ya yi ta caka rodi, ya ce akwai wani abu mai faɗi da ya shimfiɗe a bakin kwalbatin kamar murfi, duk dattin da ruwa ya kawo a bayansa yake taruwa. Na nutsa hannu na shafa. Tun kafin in gani na gane shi, don yatsuna sun san kalmasar. Muka kama gefe mu huɗu muka ja, ko gezau. Muka yi ƙoƙarin yagawa, ɗinki biyu ya ƙi. Ina da reza a aljihun riga, kamar kowane tela. Na ja numfashi na nutse cikin wannan baƙin ruwa, ido a rufe, na laluba na tsaga. Na ɗago na shaƙi iska na sake komawa. A karo na uku tamfol ɗin ya ɓare, kwalbati ta buɗe baki ta fara zuƙa, ta zuƙe ni har da ƙafafuna. Na ji kaina ya bugi siminti. Wani ya damƙi wuyan rigata ta baya ya riƙe, ya yi ta ja har aka taru aka fizgo ni. Da na buɗe ido Sakatare ne, yana haki, yana zagina da zagin da rabona da ji tun muna yara.

Ruwa ya soma janyewa. Muka yi ta aiki da manjagara har sama ta lafa. Har na fara cewa a raina mun tsira da komai. Muna tsaye a tsakar gida, jiƙe sharkaf, sai ɗakin Inna ya yi wata 'yar ƙara, ba mai ƙarfi ba, bangon baya ya sulale, rufin ya bi shi. Ɗakin ya zauna a kan gadon da na ɗauke ta. Tana kallo daga ƙofar ɗakin bulo. Ta yi salati sau ɗaya, ta gyara ƙunshinta.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin dariya. Unguwa ta ɗauka cewa Shugaba ya goyo tsohuwa daga bakin mutuwa, ya kuma nutse ya buɗe kwalbati. Sunan da nake nema ya zo har ƙofar shago, da yawa, ni kuma duk wanda ya yaba mini sai in ji kamar in shige ƙarƙashin keke. Sakatare bai tona ni ba. Da na je ba shi haƙuri ya ce in bari, shi ma da ya fito Asabar da shebur ɗin aro da an rage, amma ya tsaya jiran ranar da za a ce tasa ce. Oga kuwa bai sake ɗauko zancen tsohonsa ba, sai ni na dinga tambayarsa. Ban zama ɗan Tao ba, ina nan da sallata. Abin da na riƙe kaɗan ne. Mu biyu muna ta kokawa a kan wa za a gani, kowa na ce wa kansa don jama'a yake yi, ruwa kuwa bai san ɗayanmu ba, ya bi gangara ya tafi inda tsohuwa take. Muka mayar da ƙungiya ɗaya, muka kai kayan aiki zauren wani dattijo a kwari, aka bar ƙofar ba makulli.

Inna ta koma Miri wurin 'yarta, don ta ce ba ta iya kwana a bulo tana kallon inda ɗakinta yake. Bayan mako biyu na tattara ƙarfin hali, Sakatare ya goya ni a babur muka je. Gonaki sun yi kore, gero ya fito. Duk hanya ina fatan abu ɗaya, a ce ba ta san komai ba, ta ɗauka ruwa ne kawai ya yi yawa.

Muka same ta a inuwa kan tabarma. Ta sa aka kawo kunu. Muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta duba tabon da ke goshina. Hankalina ya ɗan kwanta, har bakina ya sake yin saurin da ya saba.

"Inna, ni kuwa kayan nan da na tarar kin ɗaure, yaushe kika samu sukunin ɗaure su?"

"Tun Asabar da safe. Da na jiyo lasifikarku daga sama."

Na dubi Sakatare, ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"To me ya sa ba ki aiko mini ba?" Ban san lokacin da ta fito ba.

"Na aika, ɗan nan. Ranar Juma'a. Aka ce ka ce a gaishe ni."

Na rasa inda zan sa idona. Da ƙyar na ce, "Da kin fita tun da wuri, Inna. Da kin koma ɗakin bulo."

"Haka wannan ya yi ta fama da ni," ta nuna ɗanta da haɓa. "Na ce masa ba inda za ni, yanzu za ka ga ɗan'uwanka ya gangaro da shebur kafin a yi ruwa. Kayan dai na ɗaure, don shekara arba'in ina bakin kwatar nan, na san ruwa. Kai ne na ɗauka na fi sani."

Ta turo mini kwanon da bayan hannu.

"Sha, kada ya huce."